Sunana a Ƙasan Sanarwar Rasuwa

Masu bibiyata, na ga saƙonninku. Wasu na cewa na ɓata, wasu na tambaya ko an sa ranar ne na yi musu rowar labari. Ba a sa ba. Ku gyara zama, don abin da na zo da shi yau ba na dariya ba ne, ko da yake akwai inda ni kaina na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Naja'atu, 'yar Gafasa ce ni a ƙaramar hukumar Ajingi. Mahaifina ya rasu tun ina firamare, ƙaninsa Kawu Isyaku ne ya riƙe mu ni da Umma. Wanda nake so kuma Muzammil ne, ɗan fari a wajen Alhaji Maiwada na Gaya, mai shagon taki da irin shuka. Manya sun shiga maganarmu, an kawo gaisuwa, sa rana kaɗai ya rage.

A sanadin wani shafin yanar gizo muka san juna, kuma dole in ɗan yi muku bayaninsa, in ba haka ba ba za ku gane yadda aka yi na kashe surukina yana raye ba. Sunan shafin Zauren Gabas. Samarin yankinmu ne suka buɗe shi, ana sa farashin gero da gyaɗa na ranar kasuwar Ajingi, da sanarwar ɗaurin aure, da suna, da rasuwa. Muzammil ne ya gina shi, shi ne kuma ya koya mini aikin lokacin da na nuna sha'awar rubutu.

Ya ce in ɗauki shafin kamar gida. Abin da jama'a ke gani in sun buɗe, zaure ne. Akwai cikin gida, wanda suke kira dashbod, sai da suna da kalmar sirri ake shigarsa, can ake girka komai. Mutanen cikin gidan kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Marubuci, irina, zai yi rubutu, ya sa hoto, ya zaɓi rukuni, ko Noma ko Kasuwa ko Ta'aziyya, amma ba shi da ikon fitar da shi zaure. Maɓalli biyu ne a gabansa, kafaɗa da kafaɗa. In ya danna na hagu, rubutun ya zama diraf, ya kwanta a ajiye ba mai kula shi. In ya danna na dama, ya miƙa wa edita ke nan, rubutun ya shiga layin jiran dubawa. Edita ne ke karantawa ya wallafa. Namu Malam Kamalu ne, malamin firamare a Balan, mutumin kirki mai gaggawar tsiya. Sama da kowa kuma akwai admin, mai riƙe da makullan gidan duka, shi ke shigo da mutum shi ke fitar da shi. Wannan Muzammil ne, shi ya sa nake tsokanarsa da Ranka ya daɗe Admin. Abu na ƙarshe, duk rubutun da ya fita, sunan wanda aka shiga da asusunsa ne ke bayyana a ƙasa.

Ƙarshen damina Alhaji Maiwada ya yanke jiki ya faɗi a shago. Hawan jini. Aka kwashe shi zuwa wani asibiti a Kano, kowa ya ɗebe tsammani. Muka je dubiya ni da Umma da kular farfesun kaza wanda ba wanda ya iya ci. A barandar ɗakin na samu Muzammil, kaftaninsa ya yamutse kamar an fito da shi daga bakin akuya, hula a hannu, ido jawur. Ya ce wayarsa ba caji, in ara masa tawa. Na miƙa masa ba tare da tunanin komai ba. Ya koma can ƙarshen benci ya daɗe yana danne-danne yana share fuska da hannun riga, ni kuma na ɗauka 'yan uwa yake sanar wa halin da ake ciki. Asusuna na shafin kullum a buɗe yake a wayar, don na gaji da manta kalmar sirri.

Allah da ikonsa, Alhaji ya farfaɗo. Aka sallame shi ya koma Gaya, aka yi ta sadakar godiya. Mu kuma cirar gyaɗa ta riske mu, gida ya cika da ƙura da 'yan aiki, ban sake leƙa dashbod ba, data ma ban saya ba.

Ranar da abin ya faru wayata tana shagon masu caji a bakin titi. Ina tsakar gida da tsohon zanin Umma ɗaure a ƙirji, ina tsince gyaɗa a faifai, sai ga Kawu ya shigo ko sallama babu, shi da ko kaza ya tarar a tsakar gida sai ya yi mata sallama. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in karanta.

Hoton Alhaji ne na Makka, da farin hirami a kafaɗa. A ƙasa an rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa Alhaji Maiwada Gaya rasuwa bayan gajeriyar jinya, za a yi jana'izarsa yau bayan sallar la'asar a ƙofar gidansa. Sai dogon yabo, mai taɓa zuciya. Faifan ya suɓuce mini, na fara salati, hawaye ya zubo.

Kawu ya ce, "Ajiye kukan. Yana nan da ransa. Karanta can ƙasa."

Na karanta. Daga Naja'atu Gafasa.

Abin da ya faru a Gaya daga baya aka ba ni labari, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. A ranar Alhaji ya fara fitowa ƙofar gida tun dawowarsa, an shimfiɗa masa darduma a inuwa yana shan iska. Sai ga bas daga Ajingi maƙare da abokan cinikinsa, suka sauko suna kalmar shahada. Na gaba ya ɗago ya gan shi zaune da carbi, ya ja da baya har ya take na bayansa. Matan da suka biyo wata motar ba su ma lura da shi ba, suka wuce ta gabansa suka shiga cikin gida da kuka. Wani maƙwabci mai son lada ya riga ya aika maƙabarta a fara haƙa. An ce Alhaji ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ya ce su zauna mana tunda sun zo. Kafin magariba jininsa ya sake hawa, aka mayar da shi ɗaki a rirriƙe.

Da na karɓo wayata, kira da zagi sun taru kamar ƙuda a kan mangwaro. A ciki akwai saƙon murya na Malam Kamalu, yana haki. Ya ce ya kwana biyu bai hau shafin ba saboda sabis ya ɗauke a Balan. Da safiyar ranar ya samu ya shiga, sai ya ga rasuwa a layin jira, daga surukar gidan kuma, wa zai fi ta sani? Ya kira ni a kashe, ya kira Muzammil bai ɗauka ba, sai ya ce a ransa ai suna kan gawa. Jana'iza kuwa ba ta jiran kowa, in ya yi jinkiri ya hana mutane lada. Bai tsaya duba ranar da aka rubuta ba, ya wallafa. Da ya gane, ya sauke rubutun ya jefa shi kwandon shara na shafin, amma ina, an riga an ɗauki hotonsa an watsa a Wasaf. Magana zarar bunu ce.

Saƙon Muzammil layi ɗaya ne: "Naja ki kira ni kafin ki yi magana da kowa."

Na shiga bayan rumbu na kira. Bai wahalar da ni ba, ya faɗa mini komai. Ranar da muka je dubiya likita ya ja shi gefe da safe ya ce su yi haƙuri su shirya. Shi ne babba, ya san in ta faru wanka da likkafani da karɓar jama'a duk a kansa suke, ba zai samu natsuwar rubuta wa mahaifinsa abin da ya dace da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya rubuta yana kuka, da niyyar ajiyewa a diraf, ashe maɓallin dama yatsansa ya taɓa. Da Alhaji ya tashi, murna ta mantar da shi.

Wallahi na tausaya masa. Na ce to shi ke nan, kuskure ne, ya je ya faɗa musu. Sai ya ce:

"Naja, kin san Baba. In ya ji ɗansa na fari ne ya rubuta masa sanarwar mutuwa yana numfashi, wannan karon ba zai tashi ba. In ma ya tashi, ni na mutu a wajensa. Ki ɗan riƙe mini."

"In riƙe maka me? Jaka ce?"

"Kwana kaɗan ne. Ya ƙara samun ƙarfi, ni da kaina zan faɗa."

Na ce to. Kada ku tambaye ni dalili. Wadda ta taɓa so ta sani, wadda ba ta taɓa ba kuma ko na yi bayani ba za ta gane ba.

Duk da haka ban zauna ba. Na tuna shafin yana ajiye tarihin gyara, wato duk wanda ya taɓa rubutu, da lokacin da ya taɓa, yana nan a rubuce. Na sayi data na shiga da rawar jiki ina cewa ga shaidata. Sunana na tarar, daga farko har ƙarshe. Na'ura asusu ta sani, ba ta san hannu ba. Duk duniya ba mai iya wanke ni sai bakin mutum ɗaya, shi kuma ya sa masa kwaɗo.

Gafasa ba ta da girman da magana za ta ɓata a cikinta. A wajen famfo mata suka riƙa yin shiru in na iso. Tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, duk lokacin da ta hango ni sai ta ɗaga sanda ta ce, "Ina nan da raina fa, 'yar jarida." Nan ne na yi dariyar da na gaya muku, na shiga ɗaki na ƙarasa ta da kuka. Iyayen wasu yara suka cire su daga ajin da nake koyarwa a Islamiyya. Mafi zafi kuwa shi ne saƙon Hajiya Hanatu, mahaifiyar Muzammil, wanda ta aiko wata dillaliya da shi. Wai yarinyar da ba ta shigo ba ta fara lissafin gado, in ta shigo sai dai kowa ya riƙa kwana da ido ɗaya. Ni Naja'atu, wai gado. Ni da ko tsinken gidansu ban taɓa ɗauka ba.

Da abin ya ishe ni na zaunar da Umma da Kawu na gaya musu gaskiya. Na ɗauka zan samu sauƙi, ashe igiya na ba su su ja ni, kowa ta nasa ɓangaren. Kawu ya ce sunan ɗan uwansa da ke kabari ba zai lalace a hannunsa ba, ko yaron ya buɗe baki ko ni in buɗe, kuma a gaban Alhaji. Umma kuwa sai da ya fita ta jawo ni jikinta. Ta ce in haɗiye. Ta ce rufa wa miji asiri tun a waje ake fara shi, surutun mutane iska ne, in na shiga gidan da hali na gari za su manta. Na ce Umma, da wane suna zan shiga? Ta ce mace ba da suna take zaman aure ba, da haƙuri take yi. Na san tsoro ne ke magana da bakinta, tsoron kada in rasa shi in dawo mata tsakar gida, amma ranar na ji haushinta ƙwarai.

Shi kuma Ranka ya daɗe Admin saƙonni yake ta aikowa. "Ki ƙara mini lokaci." "Bayan biki duk wannan zai wuce." "Kin ci abinci?" Wannan na ƙarshen ya fi ƙona mini rai. Mutum ya tsoma ka a rijiya, ya leƙo yana tambayarka ko kana jin sanyi. Na rubuta masa amsa mai tsawo na goge, na sake rubutawa na goge, daga ƙarshe na tura masa "Yaushe?" Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba.

Alhaji ne da kansa ya aiko a kira mu. Na ɗauko baƙar abayata, Umma ta fizge ta ta ce kada su ce ta'aziyyar na zo ƙarasawa. Ta ba ni atamfarta mai ruwan ganye da farin hijabi, ta fesa mini turare. A ƙofa ta raɗa mini, "Ki tuna abin da na gaya miki." A cikin bas Kawu ya ce, "Ki tuna ɗiyar wa ce ke."

A falonsa muka same shi, kan katifa, an tokare masa baya da matasai. Ya rame, gefen bakinsa ya ɗan karkace, carbi na hannunsa amma ba ya ja. Muzammil na zaune wajen ƙafafunsa cikin farar shadda mai guga, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hajiya Hanatu na tsaye bayan labulen ƙofar ciki, ƙafafunta kawai nake gani. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, har ya tambayi Umma da amfanin gona.

Sannan ya ce an karanta masa sanarwar, shi ya matsa sai da aka karanta. Ya ce rubutun ya yi kyau, bai taɓa sanin ana ganinsa da wannan kima ba, kuma ba kowa Allah ke ba wa damar jin abin da za a faɗa a bayansa ba. Ya ɗan yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi. Ya ce bai kira mu don faɗa ba, ya riga ya yafe.

"Abu ɗaya nake so in sani, 'yata. Me na yi miki da kika gaji da jirana?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ɗago na dubi Muzammil. Yana bin zanen kafet da ɗan yatsa, a hankali, kamar an ba shi aikin. Na jira. Allah ne shaidata na jira shi, har Kawu ya yi gyaran murya, har na ji tsayuwar Hajiya ta sauya bayan labule. Kalma ɗaya nake nema daga bakinsa. Ko "Baba" kawai ya ce, da na tare shi na ɗauki laifin, da zuciya ɗaya. Bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, wayata ce, kuma sunana ne. Amma ranar da aka rubuta shi, a asibiti, wayar ba a hannuna take ba."

"A hannun wa take?"

Ban ma san inda idona ya tafi ba sai da na ga kowa ya bi shi da kallo. Muzammil ya miƙe, ya ce lokacin maganin Baba ya yi, bari ya ɗauko. Maganin kuwa ga shi nan a leda kusa da matashin, kowa na ganinsa. Ya ɗaga labulen ƙofar waje ya fita.

Alhaji ya zuba wa labulen ido har ya daina motsi. A bayan ɗaya labulen na ji Hajiya ta zauna a ƙasa daɓas. Can Alhaji ya ajiye carbin a kan katifa, ya ce, "Isyaku, ku yafe mana. Ku gaida gida." Ya juya fuskarsa bango. Maganar sa rana ba wanda ya tayar da ita, kuma na san ba mantuwa ba ce.

A tasha Kawu ya saya mini ruwan leda ya ce na yi daidai, mahaifina zai yi alfahari da ni. Na karɓa na riƙe ban sha ba. In daidai na yi, me ya sa nake jin kamar yau ne na kashe tsohon da gaske? Gadon bayansa da ya juya mana shi nake ta gani, da yadda rigar ta yi masa yawa.

Mun fita daga Gaya kaɗan wayata ta yi ƙara. Muzammil ne: "Da kin jira ni."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya shigo, ba daga mutum ba, daga shafin. An cire asusunki daga Zauren Gabas. Na gwada shiga dashbod, aka ce babu mai wannan sunan. Ban yi mamaki ba, mai makulli ya rufe gidansa. Amma na san in admin zai cire mutum, shafin kan tsayar da shi ya yi masa tambaya ɗaya: rubuce-rubucen wannan fa, a goge su ne, ko a mayar da su ƙarƙashin sunan wani? Na buɗe shafin ta zaure, kamar kowane baƙo mai wucewa.

Suna nan duka. Labarin matan Gafasa masu ƙuli-ƙuli da na yini a cikin hayaƙi ina rubutawa. Na kwalbatin da ruwa ya cinye a hanyarmu, wanda bayan fitarsa aka zo aka gyara. Na tsohuwar ungozomar da ta rasu bayan hirarmu, 'ya'yanta suka zo har gida suna yi mini godiya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, bas na jijjiga ni, ina zuwa ƙasan kowanne. Daga Muzammil Maiwada. Daga Muzammil Maiwada.

Na kira Malam Kamalu na roƙe shi ya leƙa mini kwandon shara. Ya daɗe, ina jin numfashinsa, sannan ya ce, "Ita ma sanarwar, sunansa ne a ƙasa yanzu."

Guda ɗaya na roƙi Muzammil ya ɗauka, lokacin da ɗaukar za ta cece mu. Ya bari sai da komai ya rushe, sannan ya kwashe su duka.